Ranar Da Aka Zo Neman Aurena Ina Gona

Masu cewa na yi shiru kwana biyu, ku yi haƙuri. Wannan karon ba rashin caji ba ne. Tafin hannuna ne ya yi bororo, ko waya ba na iya riƙewa. Za ku ji dalili.

Ga wanda yau ya fara leƙowa, sunana Raliya, a Magajin Gari nake cikin Birnin Gwari. Na yi digirina a Zariya, yanzu ina koyarwa a wata firamare kusa da gida. Ni irin mutanen nan ce da idan aka yi baƙi sai a neme su a rasa. Ba na iya kallon idon mutum, ƙafafunsa nake kallo. Mu biyu ne wurin mahaifinmu Malam Dabo, ni da ƙanwata Muslimat. Babu namiji. Ku riƙe wannan, don a kansa komai ya taso.

Ranar sunan Muslimat ina ƙarama, na maƙale a bayan randa ina cin alewa, na ji ƙanin Baba, Baffa Tasi'u, yana cewa wani a bakin zaure, “Gidan da babu ɗa namiji ai kango ne, sai dai a jira ranar da zai zube.” Mama tana ɗaki da ɗanyen jego, kuma ta ji. Ni kuwa na ajiye maganar kamar yadda ake ajiye allura a jikin katifa.

Baba yana da gona gaba da Tsohon Birnin Gwari, a bakin daji, rafi ya ratsa gefenta. Ba ta gado ba ce, shi ya sare ta da hannunsa tun yana saurayi. Shekarun da daji ya ɓaci babu mai zuwa, ta zama saura. Da aka ɗan samu sauƙi sai masu haƙar zinare suka fara zarya gidanmu. Amsar Baba ɗaya ce kullum: “Rami ba ya haihuwar dawa.” Ya ga gonakin da aka bayar, ya ga yadda suka koma.

Ranar Ƙaramar Sallah, bayan an ci tuwo, ya tara mu a tsakar gida har da Baffa, ya ce, “Ku shaida, gonar bakin rafi na ba yaran nan biyu, halak malak.”

Na saci kallon Baffa. Na zaci zai ɓata rai. Murmushi ya yi, ya gyara hula. “Madalla, Yaya. Allah ya sa su ci moriya.”

Murmushin nan ya daɗe yana damuna.

Tun daga ranar, duk safiya idan na kai wa Baba kunu sai ya ce, “Yayar Muslimat, yaushe za ku je ku taka gonarku?” Haka yake kirana. Ni ce ta fari, tun da na buɗe ido ban taɓa jin sunana a bakinsa ba. Ni kuwa na ɗauki maganar a kan marmarin tsoho ne. Sau ɗaya ma ya yi shirin kai mu, har an kira masu mashin, sai ga Baffa a guje da labarin wai an ga mutanen daji a hanyar, ya sallami masu mashin da kansa. Baba yana da ciwon suga, ƙafarsa kan kumbura ta saɓe, amma yana zuwa masallaci da ƙafarsa, yana zuwa kasuwa.

Sai kuma Abdulkahar. Dillalin filaye ne, yana da shago kusa da tasha. Dogo, mai tsafta, shaddarsa kullum a goge har tana ƙara, farin takalminsa ko ƙuda ba ya sauka a kai. Kwanan baya ya yi sabon mashin ja, ko ledar kujera bai cire ba. Ba zan yi muku ƙarya ba, na so shi. Yarinyar da ba a taɓa lura da ita a taro ba, ga mutum yana turo mata saƙo tun kafin ta kai makaranta:

“Gimbiyata, kin karya? Kada ɗalibai su cinye mini ke.”

Da na gaya masa Baba yana so mu je gona, amsarsa ta shigo kafin in ajiye wayar:

“Wallahi idan kika shiga dajin nan ban yafe ba. Gona ba ta gudu. Ki bari sai bayan kaka, ni da kaina zan kai ki.”

Na karanta saƙon nan har na haddace. Na ce a raina, ashe akwai mai tsoron ya rasa ni. Ku yi mini dariya, na cancanta.

Wata Laraba da yamma ya zo zance. Na shimfiɗa masa darduma a zaure, na kawo zoɓo mai sanyi a jug ɗin Mama na baƙi, na zauna can gefe cikin hijabina ruwan toka. Ya cire takalmi a bakin darduma yana ba ni labarin kujerun da ya gani a Kaduna. Ni kuwa idona yana inda ya saba. An goge takalmin tas, amma a cikin ɗinkin gefe akwai jar laka, mai ɗan ƙyalli kamar an barbaɗa mata garin madubi.

Na san lakar nan. Da ita muke gina 'yan tukwane a bakin rafi ni da Muslimat, Mama tana faɗa don ba ta fita a zani. Babu irinta a cikin gari.

Na ce, “Ka yi tafiya ne?”

“Ni? Ina fa. Ko Tsohon Birni rabona da shi tun kafin azumi. Me kika gani?”

“Babu komai. Ka ƙara zoɓon.”

Washegari ranar kasuwa, sai ga Inna Laraba. Bagwariya ce, gonarsu ce ta yi iyaka da tamu, ƙawar Mama tun kafin a haife ni. Ta shigo da ƙullin kalwa a kafaɗa, ta sauke a gindin turmi.

“Matar Malam, kin ƙara ƙiba. Zaman birni ya karɓe ki.”

“Ke dai ba kya tsufa, Laraba. Daji ya ƙi ki, gari ya ƙi ki.”

Suka yi dariya, aka kawo fura. Tana cikin sha ta ce, “Ashe kun sayar, ba ku gaya wa maƙwabta ba?”

Mama ta ajiye ludayi. “Mun sayar da me?”

“Gona mana. Shekaranjiya na ga Tasi'u a bakin rafi, da wani yaro dogo mai farin takalmi, da mutum biyu suna yawo da ƙarfen nan mai kuka na neman zinare. Har sun tona ramuka. Ina tsintar itace a gefen gamba, ko kallona ba su yi ba. Wa ke kallon tsohuwa?”

Ina bakin murhu, na juya musu baya. Na ji kaina na cewa, “Inna, me suka ce?”

“Mutanen suna faɗa, wai an ba yaron mashin tun tuni, har yau ba su fara aiki ba. Shi kuma yana lallashi. Ya ce su yi haƙuri, tsohon ƙafarsa ta riga ta kumbura, ba zai ga kaka ba.”

Miyar da nake juyawa ta kama. Ban ji ƙaurin ba sai da Muslimat ta fizge muciyar daga hannuna.

Ba zai ga kaka ba. Mutumin da yake durƙusawa har ƙasa ya ce, “Baba, ya jikin?” Mutumin da ya taɓa kawo wa Baba zuma, mai ciwon suga, muka ce rashin sani ne.

Ban yi kuka ba. Abu ɗaya ne ya tsaya mini: Baba ya riga ya ba mu gonar a gaban kowa, to mutuwarsa me za ta ƙara musu? Na sa hijabi na tafi gidan Malama Juwairiyya, wadda ta koya mana fiƙihu a Islamiyya. Na same ta tana tsince shinkafa. Na ce wata ƙawata ce ke tambaya.

Ta dube ni ta saman tabarau. “To ki gaya wa ƙawar taki, kyauta ba ta cika da baki kawai. Sai an karɓa. Shi ake kira hauzi. Idan mai kyautar ya rasu, ko ya kwanta ciwon da ya zama ajalinsa, alhali ba a karɓa ba, kyauta ta warware, ta koma gado.”

“Idan ta koma gado fa, kuma babu ɗa namiji?”

“'Ya'ya mata biyu su ɗauki kashi biyu cikin uku, uwarsu ta ɗauki tumuni, abin da ya rage na ɗan'uwan mamaci ne. Kuma mai rabo yana da bakin cewa a yanka masa nasa, ko a sayar a raba.”

Na ga bakin rafin a idona, na ga ɓangaren da Baffa zai ce a yanka masa. Na ga kaina a gidan Abdulkahar yana ce mini, Gimbiya, sa hannu a nan.

“Malama, yaya ake karɓar gona?”

“Da ƙafa da fartanya. Ya cire hannunsa, ku sa naku, shaidu su gani.” Ta ci gaba da tsintar shinkafarta. “Ki ce wa ƙawar taki ta yi sauri. Kuma ki gaida Malam Dabo da jiki.”

A hanyar dawowa na fahimci murmushin ranar Sallah. Na fahimci “yaushe za ku taka gonarku”. Baba ya sani, kunya ce ta hana shi ya ce wa 'yarsa ta fari, ku yi sauri kafin in mutu.

Zan iya kiran Abdulkahar in zage shi. Da Muslimat ce da ta yi, har ta nemi taɓarya. Amma zagi iska ne, zai rantse, Baffa zai rantse, gobe a sake ganin mutanen daji a hanya. Ni ba na so su ji zafi na yini ɗaya. So nake su dafa da hannunsu, su zuba da hannunsu, sannan su ga babu cokali.

Abdulkahar ya daɗe yana roƙona in bari ya turo magabatansa. Na ɗauki waya na rubuta:

“Ka turo ranar Asabar.”

Ya turo hoton zuciya har allon ya cika. “Alhamdulillahi! Gimbiya, yau ba zan iya cin abinci ba.”

Na rubuta, “Ka daure ka ci.”

Ku da kuke gari ɗaya da ni kun san yadda ake yi. Ranar da aka zo neman aure, uban yarinya ba ya zama. Balle 'yar fari. Tun da sassafe zai saɓa riga ya bar gidan, ƙaninsa ne zai karɓi baƙi. Yarinya kuwa ɗaki za ta shige ta turo ƙofa, babu mai ganinta sai baƙi sun watse. Wato a duk shekara, rana ɗaya ce tak da za a nemi ni da Baba a rasa, kowa ya ce daidai ne. Kuma rana ɗaya ce da Baffa ba zai iya matsawa daga zaure ba.

Bayan la'asar na sami Baba a kan buzunsa yana jan carbi. Na durƙusa daga nesa, na fuskanci bango, na faɗi abin da Inna Laraba ta gani. Ban faɗi maganar kaka ba. Har gobe ba zan faɗa masa ba.

Can ya ce, “Ni na goya Tasi'u.”

Ya ci gaba da jan carbi.

“To yanzu me kike so a yi?”

“Baba, ranar Asabar za su zo neman aurena. Ai ranar ba ka zama a gida.”

Carbin ya tsaya. Na ji idonsa a kaina. Sai na ji wani ɗan sauti, na ɗago kaɗan, ashe dariya yake dannewa.

“Dattawan mutane za su taso fa.”

“Abdulkahar ne ya taso su, Baba.”

“Allah ya shirye ki,” in ji shi. “Ki ce wa uwarki ta aika wa Laraba ta kira gayya.”

Ya kira Baffa ya ce masa a karɓi gaisuwa kawai, kada a bayar, sai an yi bincike. Baffa ya ce, “An gama, Yaya,” bakinsa har kunne.

Ranar Asabar Baba ya fita daga masallacin asuba bai dawo ba. Ni da Muslimat muka ɗaura tsofaffin zannuwan Mama, muka zura takalman roba, muka bi ta ƙofar baya. Mama ta jera takalmina mai duwatsu da silifas ɗin Muslimat a bakin ɗakinmu, ta kunna turaren wuta, ta ja ƙofar. Sabuwar atamfar da aka ɗinka mini don ranar tana kan gado a ninke.

Mota ta kai mu Tsohon Birni. A can Enoch, ɗan Inna Laraba, yana jira da mashina uku. Shi ya goya Baba, ya sa rawani ya ɗaure shi a bayansa don kada ya zame.

Kada in yi muku burga, na ji tsoro. Mun wuce gidajen da babu rufi, ciyawa ta fito ta tagogi. Mun wuce makarantar da awaki suka gaje. Duk inda hanya ta shiga duhuwa masu mashin sukan yi shiru, ni kuma in karanta duk abin da na iya. A wata kwana muka ji motsi, sai ga shanu, da wani dattijon Bafulatani a bayansu. Ya ɗaga sanda ya ce, “Malam Dabo, kai ne? Ashe da rabon mu gana!” Baba ya ɗaga masa hannu, na ga yana share ido da bakin rawani.

Kafin mu ga gonar muka ji ta. Kiɗan gayya, da guɗa. An yi ruwa cikin makon, ƙasa ta yi laushi. Mazan ƙauyen sun jeru da garma, mata da ƙoren iri, Inna Laraba tana tsakiya tana ba da umarni kamar ita ta haifi kowa. Mai unguwa yana zaune a gindin ɗorawa tare da limamin ƙauyen.

Baba ya ƙi a riƙe shi. Ya dogara sanda ya bi iyaka, muna biye, mai unguwa da liman suna biye da mu. Daga ɗorawa zuwa layin gamba, daga gamba zuwa tsohon suri, daga suri zuwa rafi. A bakin rafi ya tsaya. Ramuka ne a jere, sabbi, jar ƙasa a tare a bakinsu tana ƙyalli. Ya dube su, ya juya.

Muka dawo gindin ɗorawa. Ya ce, “Jama'a ku shaida, gonar nan da iyakarta na ba yayar Muslimat da...”

Liman ya ɗaga hannu. “Malam Dabo, a gafarce ni. Shaida ba ta ɗaukar yayar wance. Gobe idan aka tambaye mu, suna za mu faɗa. Wa ka ba?”

Mata suka fara dariya ƙasa-ƙasa. Inna Laraba ta ce, “Faɗa mana, Malam, ba za ta cije ka ba.”

Baba ya dubi sandarsa. Ya dubi rafi. Ni na dubi ƙafafunsa, kumburarru cikin takalmin da aka yanke wa baki.

“Raliya,” in ji shi. Ya yi gyaran murya. “Na ba Raliya da Muslimat. Na cire hannuna.”

Wallahi ban san sunana yana da daɗi ba sai ranar. Hawayen da na hana tun ranar kasuwa suka ƙwace. Ya miƙo mini fartanyarsa, mai ƙotar da ta yi santsi don riƙo, na karɓa da hannu biyu. Na ce, “Mun karɓa.” Muslimat ta ce, “Mun karɓa,” da ƙarfi har tsuntsaye suka tashi.

Ni na sari ƙasa farko, Muslimat ta jefa dawa, na rufe da diddige. Aka yi guɗa, garmuna suka shiga. Sannan a gaban mai unguwa, da bakina, ba da na Baba ba, na ba Enoch amanar kula da gonar, a raba amfani idan kaka ta yi.

Da maza suka nufi ramukan nan za su cike, na ce su bar mini. Ni kaɗai na cike su. Duk fartanya ɗaya da sunan wanda nake sarawa a raina. Wannan ta Baffa. Wannan ta mai farin takalmi. Wannan ta zumar. A nan hannuna ya yi bororo ya fashe, ban ji ba sai a mota.

Babu sabis a daji. Muna shigowa Tsohon Birni wayata ta fara rawa ba tsayawa. Na Mama ne farko, Muslimat ta koya mata saƙon murya:

“Sun iso, mota biyu. Gwaggonninki suna ta buga ƙofa suna cewa amarya kunya, na ce ku bar mini 'ya.”

Na biyu: “Ke, Baffanku ya ba da ke! Har ya sa rana, bayan kaka. Ni dai na ƙara musu lemo.”

Sai na Abdulkahar: “An ba ni! Gimbiya, kina jin guɗa daga ɗaki? Zan zo da yamma in ga matata.”

Na rubuta, “Ina jira.”

La'asar sakaliya muka iso. Baƙi sun watse. Baffa yana zaune a zaure cikin babbar riga ruwan ƙwai, ga ƙwaryar goro da katan ɗin alewa a gabansa, yana kasa na dangi. Baba ne ya fara shiga.

“Yaya, sannu da ɓuya! An gama komai. Na ga mutanen kirki ne, na ce wane bincike kuma, na ba su kawai.”

“Na ce ka ba su?”

“Ai alheri ba a...”

Maganar ta maƙale. Ya gan mu a bayan Baba, zani ya yi ja har gwiwa, fartanya a kafaɗata.

“Daga ina haka?”

Baba ya zauna a hankali ya miƙe ƙafarsa. “Gona na kai su. Sun karɓa, sun shuka. Mai unguwa ya gani, liman ya gani, mutanen ƙauye duk sun gani. Na ga ramukanku ma, Tasi'u. An cike.”

Goron da ke hannun Baffa ya faɗi ya gangara har bakin ƙofa.

“Yaya, wace irin magana... wa ya ce... Ka kwashi 'yan mata ka shiga daji? Da wani abu ya faru fa? Mata me suka sani a gona?”

Na durƙusa kamar yadda na saba, kaina a ƙasa. Ban taɓa mayar wa babba magana ba. Na ce, “Baffa, ina wuni.”

Ya kau da kai.

“Kangon nan da ka ce a jira ya zube, yau ya yi shuka.”

Bai tambaye ni wane kango ba. A nan na san bai manta ba shi ma.

Baba ya nuna ƙwaryar da sanda. “Goron nan kai ka karɓa, kai ka ba da abin da ban ce ka bayar ba. Gobe sai ka mayar musu da ƙafarka, ka yi musu bayani.”

Na wuce ciki. Mama ta tare ni da bokitin ruwan zafi. Na yi wanka, na sa sabuwar atamfar, kore da ruwan gwal, na yi ɗauri, na fesa turaren da Abdulkahar ya sayo mini. Amma da na fito na sake zura takalman robar nan, da lakarsu da komai, ta bi ta shafe mini ƙafa har idon sawu. Mama ta bi ƙafata da kallo. Muslimat ta faɗa kan gado tana dariya.

Rana ta yi ja na ji tsayuwar mashin. Baffa ya riga ya sulale, kuma na tabbata bai kira Abdulkahar ba, don mai jin kunya ba ya riga kai labari. Na shimfiɗa darduma, na kawo zoɓo a jug ɗin baƙi.

Ya shigo cikin farar shadda sabuwa, hula zanna, yana ƙamshi. “Amarya ba kya laifi! Yini guda a ɗaki, ba ki gaji ba?”

“Na gaji.”

“Ai an kusa. Bayan kaka kamar gobe ne.”

“Haka ne. Baba ma ya ce in gaya maka, in Allah ya yarda zai ga kaka.”

Baba bai ce ba. Ni na ce.

Kofin ya tsaya a hanyar bakinsa. Na zauna, na miƙe ƙafafuna a kan dardumar, dab da farin takalminsa. Ya duba. Na ga idonsa ya bi jar lakar, ya bi ƙyallin. Ya san ta. Ya goge irinta da tsumma.

Karon farko tun da muka haɗu, na ɗaga kai na dubi tsakiyar idonsa. Ashe ƙanana ne.

“Raliya... ina kika je?”

“Gonata. Mun sa dawa. Ka ce da kanka za ka kai ni, sai na hutar da kai.”

“Ki tsaya ki ji. Wallahi ba yadda aka gaya miki ba ne. Baffanki ne ya...”

Wayarsa ta ɗauki ƙara a kan darduma. Ya dubi allon, fuskarsa ta canja, ya kife ta. Ta katse. Ta sake ɗauka. Labari ya fi mashin gudu a daji, kuma masu ƙarfen nan ba a san su da haƙuri ba.

Na tashi na ɗauki jug ɗin Mama.

“Ka ɗauka mana,” na ce. “Waɗanda suka ba ka mashin ne.”